Gwaggo Mai Goge Sunaye

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata. Tela ce. Shekara talatin da wani abu ta yi a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Aurenta bai daɗe ba mijin ya rasu, ba ta sake wani ba, ba ta kuma taɓa haihuwa ba. Idan baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta nuno ni da bakin almakashi ta ce, "Guda ɗaya ce, amma surutunta na mutum biyar ne."

Karatunta bai wuce aji uku ba. Rubutu kuwa tana yi, a hankali, harshe a waje, da wani guntun fensir da ba ya rabuwa da bayan kunnenta. Da shi take rubuta awon mutane. Biro ba ya burge ta, wai abin da ba ya yarda a gyara masa kuskure ba abin riƙewa ba ne.

Da idonta ya daina ganin kafar allura sai ta rufe keken da zane ta dawo gida. Zaman bai karɓe ta ba ko kaɗan. Ta share ɗaki, ta sake sharewa, ta tsefe ɗinkin da babu abin da ya same shi don kawai ta mayar. Ana cikin haka bangon cocinmu na Katolika ya tsage daga sama har ƙasa, baikon Lahadi kuma, wato kuɗin da ake tarawa a coci, ba zai iya da gyaran ba. Fada, limamin cocin, ya ce a kwashe karyayyun bencina daga tsohon sito, a mayar da shi wurin shan gahawa da sayar da littattafai. Mun yi masa dariya a bayan ido. Wa zai bar shayin gidansa ya zo coci shan ruwan ɗaci? Ashe ma'aikatan ofisoshin da ke tsallaken titi jira suke yi. Tebur huɗu ne, da kanta uku, da injin gahawa mai huci, amma da tsakar rana sai ka rasa kujera.

Littattafan sadaka ce daga gidajenmu, kuma daga nan rigima ta ɓullo. Wata bai cika ba matar katikis, malamin da ke koyar da addini a cocin, ta ɗauki wani littafi daga kan kanta, ta buɗe, ta ci karo da rubutun hannunta: kyautar da ta ba shugabar mawaƙa ranar aurenta. Mako shida suka yi ba sa ga maciji, a benci ɗaya. Fada ya ga ba zai gyara bango ya rusa ikilisiya ba, ya nemi wanda zai riƙa duba kowane littafi kafin a jera. Gwaggo ce ta ɗaga hannu. Ta ce idon ya gaza da allura, amma da tabarau yana ganin rubutu sarai.

Aka ba ta ɗan tebur a ƙuryar baya, jikin taga. Kayan aikinta kilina ce ta goge fensir, da gam, da farar takarda, da tsohon almakashinta, da ƙaramin cokali. Idan rubutun na biro ne, sai ta auna shafin, ta yanka takarda daidai, ta manna, ba za ka ga ko ɗigon gam a gefe ba. Idan na fensir ne, sai ta danne shafin da tafin hagu, ta goge ta fuska ɗaya kada takardar ta yamutse, ta hure, sannan ta bi wurin da bayan cokali har sawun fensirin ya kwanta. Abin da ta tsinta a tsakanin shafuka, hoto ne ko katin asibiti ko tsohuwar wasiƙa, ambulan take sa shi, ranar Lahadi ta cusa wa mai shi a hannu kamar gaisuwa kawai suke yi.

Cikin shekara biyu babu wanda ya san cikin ikilisiyar nan kamarta. Ta san wanda ya zubar da kyautar surukinsa, ta san wadda ta kawo littattafan mijinta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ni kuwa ga son jin ƙwaƙwaf.

"Gwaggo, ki ɗan gutsura mini mana. Ko guda ɗaya."

"Malama Nas, kilina aka ba ni, ba lasifika ba."

Haka take kira na tun da na fara aikin asibiti, rabi alfahari, rabi tsokana.

Yanzu ga nawa abin, wanda na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ni mutum ce mai ƙin tarkace. Abin da ya shekara ban taɓa shi ba, ya bar gidana. Da za mu koma ƙaramin gida kusa da asibiti, na zauna wata Asabar na cika kwali uku da littattafai don coci. A ƙasan kanta na ɗago wani ƙaton ƙamus, naɗe da takarda mai ruwan ƙasa da ta ci ta cinye.

Na san shi. Gwaggo ce ta ba ni ranar da ta raka ni makarantar koyon aikin jinya, shekara ashirin da biyu da suka wuce. A jakar ɗinkinta ta ɗauko shi, ta rungume shi a cinya tun daga tasha. A shafin farko ta yi rubutu da fensirinta, layi biyar, wasu sun hau tudu wasu sun gangara. A ɗakin kwananmu na buɗe, 'yan ɗakin suna tsaye a kaina, 'ya'yan malamai da manyan ma'aikata. Ina ganin karkatattun baƙaƙen nan na rufe da sauri. A ranar na naɗe bangon, na kama har shafin na cusa a cikin naɗin, don kada wata ta gani ta tambaye ni wa ya rubuta. Tun daga nan ban sake warwarewa ba.

Da zan iya, da na ce cikin kuskure ya faɗa kwalin. Ba haka aka yi ba. Na riƙe shi, na ji nauyinsa, na ce a raina yanzu komai yana cikin waya, na jefa shi ciki na ɗaure. Ko sau ɗaya ban tuna hannun wa kwalin zai faɗa ba.

Ranar Talata da safe maigidana yana neman abu a cikin kaya.

"Wai ina ƙamus ɗin nan da nake ɗora wa fanka?"

"Na kai coci."

"Wanda Gwaggo ta ba ki?"

"Shi. Ya tsufa ai."

Ya miƙe tsaye ya dube ni ta saman tabarau. "To, wa ke duba littattafan coci?"

Ranar ban san yadda na yi aiki ba, sau biyu ina auna jinin mutum ɗaya. Addu'ata ɗaya, Allah Ya sa ba ta kai ga kwalayena ba. Na san sadaka ta taru a wannan makon, na san kuma Gwaggo ba ta da sauri. Ƙarfe biyu na yi na fita ko kayan aiki ban cire ba.

Wurin ya cika da masu cin abincin rana. Mai haɗa gahawa, wani tsohon direba mai fara'a, ya ɗago mini hannu daga bayan injinsa.

"Sannu da zuwa, Nas. An gode da littattafai. Gwaggonki da ta ji naki ne, su ta fara."

Kwalayena uku na jingine a bango, an ninke su. Na bi kantocin littattafai da ido har na ga ƙamus ɗin a layin ƙasa. Da ƙyar na gane shi. An cire naɗin, an goge bangon, ashe shuɗi ne, na manta. Gadon bayansa da ya fara rabuwa an kama shi da ƙyallen yadi, an bi da zare. Ɗinkin ya ɗan karkace, ɗinkin mai laluben allura, amma ko a cikin dubu na san hannun. Na durƙusa na buɗe shafin farko. Fari fat. Na karkata shi wajen haske ko zan ga sawu, babu, cokalin ya yi aikinsa.

Na ɗauka na je na biya. Mai gahawa ya ce, "Yau ga mai sayen kayanta," ya yi dariya, ya haɗa mini kofi ɗaya kyauta. Na wuce ƙuryar baya, ƙamus a hannu ɗaya, kofi a ɗayan.

Tana zaune, kanta a sunkuye, tana yanka takarda.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya lau, Malama Nas. Yau babu marasa lafiya ne?"

Na ajiye ƙamus ɗin a gabanta. "Wannan kuskure aka yi. Garin haɗa kaya ya shiga."

"Yakan faru," in ji ta. Ba ta ɗago ba.

Da ta yi faɗa da na samu sauƙi. Rashin faɗan ne ya sa na fara borin kunya, har da ɗaga murya. "To ai sai ki kira ni. Me ya sa za ki goge? Rubutunki ne fa."

Sai a lokacin ta ajiye almakashi. "In kira ki in ce me? Kin ba coci abu, ya zama na coci. In kuma na bar rubutun, wani ya buɗe ya ga sunanki ya ga nawa, me zai tafi yana faɗa a kanki? Na rufa wa mutanen da ban haɗa komai da su ba, sai ke zan bari a waje?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, ko ranar da na faɗi jarrabawa. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na buɗe mata shafin.

"Ki yafe mini, Gwaggo. Na saye shi, ya dawo hannuna. Ki mayar mini da rubutun, don Allah."

Fuskarta ta saki, har ta yi murmushi. Ta zaro fensirin daga bayan kunne, ta lashi bakinsa, ta gyara zaman tabarau, ta danne shafin da tafin hagu.

"To, faɗo mini, in bi ki."

Na sha juya maganar nan a raina. Ba gwada ni take yi ba, Gwaggo ba ta iya tarko ba. Ba kuma mantawa ta yi ba, kwana biyu kacal da ta karanta shi kafin ta goge. Ita dai ta ɗauka tun tuni na haddace, tana so ta ji shi daga bakina.

Na ce, "Zuwa ga 'yata."

Ta rubuta, harafi bayan harafi, harshe a waje. Ta tsaya, bakin fensir a kan takarda, tana jira.

Injin gahawa ya yi huci a can gaba. Wani ya ja kujera. Layi huɗu suka rage, kuma ko kalma ɗaya ban sani ba, don ban taɓa karantawa ba.

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma na ga lokacin da ta gane. Ta mayar da fensirin bayan kunnenta, ta rufe ƙamus ɗin a hankali, ta turo mini shi da hannu biyu.

"Gwaggo, ki faɗa mini abin da ke wurin."

"Maganar yarinya mai tafiya makaranta ce. Kin riga kin je kin dawo."

Ta sunkuya ta ɗauko wani littafi daga kwalin da ke gefen ƙafarta, ta buɗe bangon, ta kai shi kusa da ido.

"Matsa kaɗan, 'yar nan," ta ce. "Kin tare mini haske."