Malam Muntari, Birkilan da Bai Yarda da Filasta Ba

Kullum da safe idan na fito zan tafi aiki kamfanin roba a Sharaɗa, nakan tarar da Malam Muntari birkila a bakin masallacinmu na Ɗorayi yana ɗaure guduma a bayan kekensa. Ba ya gaggawa. Idan ya shiga gidan da zai yi aiki, yana amsa gaisuwa idonsa yana sama. Yakan ce fenti da filasta ba su taɓa gaya masa gaskiya ba. Bana ya ce zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da muka gani da idonmu.

Gidan da muke haya bene ne, mu 'yan haya muna sama. Mai gidan, Hajiya Zinariya, tana ƙasa, kuma ta so a rushe bangon da ya raba falo da ɗaki don falon ya yi faɗi. Malam ya zo ya duba, ya ce ba zai taɓa bangon ba sai ya cire silin, ya kankare filastar bim, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da saman, ya ga cikinsa.

Nan zargi ya tashi. Hajiya ta ce, "Malam, ni fa bango na ce, ban ce sama ba. Ko dai aikin ake so a ja?" A sama kuma aka fara raɗe-raɗin wai baki suka haɗa da Hajiya, a ce gini ya lalace a tashe mu. Ga ƙura, ga falo ya koma kamar kango.

Da bim ɗin ya fito tsirara, sai ya aika wa Saudat maƙwabciyarmu, wadda ɗakinta ke saman falon, ta ajiye turmi a tsakiyar ɗakinta ta yi daka. Ta leƙo ta ce, "Baba, wannan aikin gini ne ko na bokaye?"

Ya ce, "'Yata, ke dai daka, irin wanda kike hana Hajiya barcin rana da shi."

Ya hau tsani ya ɗora tafinsa a jikin bim. Duk saukar taɓarya sai yashi ya zubo daga wuri guda. Ya sassaƙe wurin. Ashe tun da daɗewa wani ya yanke rodi ya bi da bututun banɗaki ta ciki, sauran rodin duk sun yi tsatsa. Bangon da ake so a rushe shi kaɗai ke riƙe da ɗakin da 'ya'yan Saudat ke kwana.

Duk da haka Ashafa, wani ɗan haya, ya ce wa ya sani ko Malam ne ya yanke yanzu. Malam ya kama hannunsa ya goga a rodin, ya ce, "Ɗana, wannan tsatsar ta girmi gemunka."

Ranar ya tokare wurin da ƙarafa, ya ce a kira injiniya, wannan ya wuce ido da guduma. Tare suka yi gyaran. Hajiya ta samu falonta, amma da ginshiƙi a tsakiya, har yau tana mita. Ya kuma roƙe ta kada a mayar da silin, a bar bim a fili, idan ya tsage kowa ya gani.

Malam, ku ne kuka sha zargin na ƙasa da na sama, ba ku yi fushi ba, ba ku kuma rufe abin da bai kamata a rufe ba. Mun gode. Allah Ya ba da lafiyar gwiwa, Ya saka da alheri. Masu tasowa a gini, ku yi koyi, ku buɗe ku duba ko da za a zarge ku. Babu wanda ya tashi daga gidanmu, yaran Saudat ma yanzu haka ina jin gudunsu.