Labarin da Ya Tsaya a Ƙofar Bene

Ina aji uku na elemantare, zamanin Turawa, kawuna mai fataucin bandar kifi ya dawo Haɗeja daga Kano da rediyo. Akwati ne na katako, ga batir ɗinsa sai an rungumo shi. A rumfar Kaka ya ajiye shi, don a gidanmu abin da ta ce shi ake yi.

Kowace Alhamis bayan la'asar, wani mutum mai sanyin murya yakan karanto gajeren labari a kan wani tsohon bene da fatalwa ke zaune ciki, mace da farin mayafi. Kowane mako baƙo dabam ne ke sauka a benen, ya fito da gudu. Matan unguwa sukan cika mana tsakar gida. Maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ba ta iya shiru, har tsawa take wa baƙon kada ya hau matakala, in ya hau ta ce ai ga irinta nan. Wata kuma takan lulluɓe kanta da gyale, amma ta bar kunne ɗaya waje. Ni dai bayan turmi nake raɓewa, ina kasa kunne. Daga can nakan ji har ƙarar takarda in mutumin ya juya shafi.

Da damina ta yi nisa, wata Alhamis wata baƙuwa ta hau benen, fatalwar ta tsaya mata a ƙofa, sai muryar mai karatun ta yi ƙasa-ƙasa ta ɗauke. Batir ya mutu. Kogi kuwa ya cika ya shafe hanyar tashar jirgi, sabon batir sai ruwa ya janye.

Kaka ba ta ɗauki abin wasa ba. Ta ce a wurinsu ko tatsuniyar yara ba a tashi sai an rufe ta da ƙurunƙus, don labarin da aka bari a buɗe, abin da ke cikinsa gidan yake zama. Kawu ya yi ta bayani cewa mutum ne kawai ke karatu a Kano. Ta ce to shi ma ba shi da tarbiyya.

"Ko a rufe labarin nan kafin Alhamis, ko akwatin ya bar min gida," in ji ta.

Ba wanda ya san ƙarshen. Ran Alhamis matan suka taru duk da haka, kowa da nata. Mai ƙosai ta ce a sa wa benen wuta. Kaka ta ce in gidan ya ƙone, ina fatalwar za ta koma in ba nan ba? Kawu har ya fara neman buhun da zai sa akwatin.

Akwai abin da na daɗe da lura da shi. A duk labaran, fatalwar ba ta taɓa kowa ba, tsayawa kawai take a ƙofa. Kuma babu baƙon da ya taɓa gaishe ta. Na faɗa a hankali, ina kallon gindin turmi.

"Ɗaga murya, 'yar boko," in ji Kaka. "Ko sai mun sa miki batir?"

Aka yi dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na miƙe. Na ce baƙuwar ba ta gudu ba. Ta yi wa matar mai farin mayafi sannu, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata ruwa a moɗa. Matar ta sha, ta yi godiya, ta ce shekara da shekaru abin da take jira ke nan. Ta gyara mayafinta ta sauka, ba ta ƙara dawowa ba.

Kaka ta dube ni. Sannan ta ce wannan ita ce magana, ta rufe labarin da bakinta, ta ce wa Kawu ya mai da buhunsa.

Da ruwa ya janye aka kawo batir, an riga an wuce wancan labarin, ba mu taɓa jin yadda na rediyo ya ƙare ba. Amma daga ranar, in mutumin ya gama, mai ƙosai takan juyo wajen turmi ta ce, "To, 'yar nan, ke me kika ji da mu ba mu ji ba?" Ni kuwa in faɗa.