Ranar Da Kawu Ya Raka Ni Sayen Sifika

In dai ina numfashi, ba zan manta da ranar da na je unguwar Gidan Igwai sayen kayan sauti ba. Lokacin ban daɗe da tarewa a gidana na Dundaye ba, kuma babban burina shi ne in sa manyan sifiku a falo, irin waɗanda baƙo zai shigo ya ce ma sha Allah tun bai zauna ba.

Da na faɗa wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, sai ya ce in biyo Ƙofar Atiku in ɗauke shi. Kawu ya yi shekaru yana aikin haɗa sauti a gidan rediyo kafin idanunsa su mutu. Gaskiya ban so rakiyar ba. A raina na ce mutumin da ba ya gani, me zai zaɓa mini? Yau in na tuna wannan tunani kunya nake ji.

A hanya ya tambaye ni ko ina da karatun marigayi babana a wayata. Na ce akwai. Ya ce, "To shi za mu saurara. Muryar da ka sani ita ka tona asirin sifika."

A shagon farko da muka shiga, mai shagon ya tarbe mu da fara'a har ta yi yawa. Ya nuna mini wasu dogayen sifiku biyu masu walƙiya, ya ce tsofaffin Turai ne, ba a samun irinsu. Ya kunna kiɗa, ƙugin ya daki ƙirjina, gilashin kanta na rawa. Nan take na ji na gama zaɓe.

Kawu ya ce a rage ƙara. Mai shagon ya yi kamar bai ji ba. Da ya maimaita, sai ya rage kaɗan yana cewa, "Baba, ai daɗin abin ga sai da ƙarfi." Na miƙa wayata a sa karatun, ya ce abin haɗawar ya ɓace. Ga shi kuwa ina hango shi rataye a ƙusa. A nan jikina ya fara ba ni wani abu. Na lura duk inda na matsa, sai ya sha gabana, ya tsaya tsakanina da wani labule da ke bayan sifikun.

Kawu ya miƙe da sandarsa, ya lalubi sifika ɗaya, ya ɗora tafin hannu a jikinta. Ya daɗe a haka, kansa a karkace. Ya koma ɗayar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar kwali.

"Ɗana," in ji shi da mai shagon, "kiɗi na tashi, akwatin ga ko motsi bai yi. Mi aka ɓoyewa bayan nan?"

"Kaya ne kawai, Baba."

Kawu ya juyo wajena. "Duba mu gani."

Sai a sannan na gane bai ma san akwai labule ba, kunnensa kawai ya bi. Na yaye labulen. Wasu sifiku ne baƙaƙe, gajeru, duk ƙura, kuma wayoyin na'urar kiɗan a jikinsu suke. Dogayen da nake ta yabo ko haɗa su ba a yi ba. Mai shagon ya hau rantse-rantse, wai kuskure aka yi wajen haɗawa. Kawu ya ce to a haɗa dogayen yanzu mu ji. Sai ya ce wai fis ɗinsu ya ƙone. Na tambayi baƙaƙen, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, mutane na leƙowa. Kawu ya kama hannuna ya ce mu tafi, ba faɗa ya kawo mu ba.

Shago uku muka shiga bayan nan, kuma kowane mai shago kallon macuci nake yi masa, har ina leƙa bayan kanta. A na ƙarshe, mai shagon ya fara tambayar girman falona, ya karɓi wayata da kansa ya sa karatun a hankali. Na ji har jan numfashin babana tsakanin aya da aya. Kawu ya ce, "Shi na." Ƙananan sifiku biyu muka ɗauka, masu nauyi, ba ado ko kaɗan.

A gida ya sa na janye su daga bango, na daidaita su da tsayin kunnen mai zaune, na shimfiɗa darduma saboda amsa-kuwwa. Baƙi ba sa ko kallonsu, sai an kunna ake tambayar ina na samo.

Abin da na koya shi ne, kayan sauti da kunne ake saye. Ka tafi da muryar da ka sani, ka saurara a hankali, ka taɓa, ka bi waya har inda ta ƙare. Duk mai shagon da ya hana ka rage ƙara, yi masa sallama ka fita.