Kwanon Da Nake Kaiwa Majalisa

Siriri ne maigidana lokacin da aka kawo ni gidansa a unguwar Bulabulin. Atamfa yake sayarwa a kasuwa, aikin zama tun hantsi har la'asar. A hankali ya fara cika, wuya ya shige, tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Kowa barka yake yi mini. Yayarsa takan dafa kafaɗata ta ce, "Amarya, kin iya kiwo."

Sai haki ya zo. Daga masallaci zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango. Gwiwoyi suka ƙi sujada, ya koma sallah a kujera. Da ƙishirwa ta hana shi sakat, 'yarmu ta fari ta matsa muka je asibiti. Likita ta ce hawan jini ne da ciwon suga, ƙiba ce ta jawo su. Ta ce zuciyar da ya yi samartaka da ita, ita ce dai har yanzu, kayan da take ɗauka ne ya ninku.

Na dawo na rage mai da gishiri, na ɓoye sukarin shayi. Amma a layinmu maza ba sa cin abincin dare a cikin gida. Bayan magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan liman, kowane gida ya fitar da kwano, a ci tare. Burabusko na ninƙaya a man shanu, sinasir, kifin banda a miyar da manja ya kwanta a kai. Nawa kwanon, mai ganye da ɗan tuwo, haka yake dawowa ba a taɓa shi ba.

Ina jiyo su ta katanga.

"Alhaji, wannan miyar ta gidan kaso ce ko ta asibiti?"

"Matso nan, bawan Allah, kada Hajiya ta mayar mana da kai sandar rake!"

Sai dariya, har da tasa a ciki.

Na ce masa, "Alhaji, da dai ka riƙa ci a ɗaki, in ya so ka fita hira."

Ya ce, "A ce na zama mijin-ta-ce? Ko a ce kasuwa ta karye ina ɓoye kwano? Ki bar ni, kwana na Allah ne."

Na ci gaba da dafa nawa, ya ci gaba da cin nasu.

Wata ranar Laraba ya shiga banɗaki zai yi alwalar magariba, na ji faɗuwa. Na tarar da shi baki ya karkace. Ni da 'yarmu muka ja, ko motsa shi ba mu yi ba. Maƙwabta suka ɗauko shi a bargo, keke napep ya ƙi ɗaukarsa, sai da aka nemo a-kori-kura. Kafin mu isa asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Yanzu yana kwance. An ce a riƙa juya shi akai-akai don kada bayansa ya yi gyambo. Da rana maza duk suna kasuwa, ni kuwa ba na iyawa. Nakan zauna da ruwan ɗumi da auduga ina jiran wanda zai fara dawowa. Ciwon da ke ƙugunsa ya fara wari.