Motar Littattafan Baba

Motar da na fi jin haushi a duniya a ƙofar gidanmu take kwana. Doguwa ce, fara mai ratsin kore, an yi mata kantoci a ciki an jera littattafai tun daga ƙasa har sama, mukullinta kuma yana aljihun mahaifina. Ma'aikacin ɗakin karatu ne, amma ba irin na cikin gari masu zama a gindin fanka ba. Shi ɓangaren karkara aka ba shi. Ranar Litinin da an idar da sallar asuba za su bar Gyaɗi-Gyaɗi shi da direba, ba ma sake ganinsa sai Alhamis, ya dawo duk jar ƙasa a gemu.

Aikin nasu da tsarinsa. A manyan garuruwa akwai ɗakin karatu ciki ɗaya, da benci da jaridu, a sauke sababbin littattafai a kwashe waɗanda aka gama. Ƙauyen da ba shi da ɗaki sai a bar akwatin katako a hannun hedimasta, a zo a canja bayan wata guda. Inda babu ko makaranta, gindin bishiya ake tsayawa ranar kasuwa, Baba ya karanta wa manoma takardun taki da na rigakafin dabbobi, boko da ajami, yara kuma su yi layi da katinsu.

Katin nan shi ne ciwona. Ba a ba mutum sai garinsu yana kan hanyar motar, kuma sai dagaci ya sa hannu. Ina aji uku na ce, "Baba, ni ma a yi min kati."

"Ke 'yar wane ƙauye ce?"

"Ni 'yarka ce."

"Shi ya sa," in ji shi. "Amana aka ba ni, ba gado ba. Ku 'yan birni kuna da babban ɗakin karatu."

Muna da shi kam, wa zai kai ni? Inna ba ta fita, shi kuma yana ƙauye. Sai dai in taka dutse in leƙa ta gilashin baya, in yi ta karanta sunayen littattafan a karkace har wuyana ya ƙage.

Da shiru yake yi in ya dawo, da da sauƙi. Ina! Yana cin tuwo yana ba Inna labarin yaran mutane. Akwai wata 'yar maƙeri da ba ta fita daga bakinsa. Ta cinye littattafan ɗakin karatun garinsu kaf. Ta biyo motar a ƙafa har ƙauye na gaba don a canja mata littafi. Ta yi masa tambayar da ya kasa amsawa. Ban taɓa ganin yarinyar nan ba, amma wallahi na tsane ta, har addu'a na yi ruwa ya cinye hanyar garinsu.

Ni karatuna a shagon hayar littattafai na Unguwa Uku na yi shi, a ɓoye cikin hijabi. Baba bai taɓa tambayar me nake karantawa ba. Motar ta tsufa, aka rasa kayan gyaranta, akwatuna suka daina yawo, ya yi ritaya muka koma Tarauni. Ni kuma na zama marubuciya. Littafina na farko ya fito a shekarar da ciwon suga ya cinye masa ido. Na ware kwafi ɗaya, na cika shafin farko da rubutun hannuna, duk abin da kunya ta hana ni faɗa masa tun ina ƙarama. Burina bai wuce in karanta masa da bakina ba, in ji ya yi maganata yadda yake yin ta 'yar maƙeri.

Kafin in samu dama ƙafarsa ta rikice, aka ba shi gado a asibitin koyarwa. Kwana na biyu wata nas ta zo gwada shi, mace kamila, sa'ata. Ta dubi sunan da ke jikin fayil, ta dube shi, sai kawai ta zube a ƙasa.

"Malam mai mota! Baba, ni ce 'yar maƙeri."

Mutumin da tun safe nake lallaɓa ya sha kunu ya ƙi, sai ga shi zaune yana dariya. Har littafin da tartsatsin maƙera ya ƙona mata ya tuna, da yadda ya liƙe shafin da hannunsa. Ni ina gefe riƙe da kofi. Na gaishe ta, haƙorana a waje don dole.

Abin takaicin, ba ta da abin kushewa. Na nema, Allah ya sani. Ga ladabi, ga sanin aiki, Anti take ce min ko da ban girme ta ba. In ta yi masa allura cewa yake bai ji komai ba. Kuma Baba take kiransa, gatsal, kamar tare aka haife mu.

Ranar da na ga ya ɗan ji sauƙi na fito da littafin. Shafin hannuna na tsallake shi, na ce sai mun rage mu biyu. Na fara babi na ɗaya, ina cin kalmomi. Sai ga ta ta leƙo, ta tashi daga aiki.

"Kina sauri," in ji Baba. "Ba Sista, ita ta iya karatu a fili."

Na miƙa mata. Ta ɗora daga inda na tsaya. Kwana huɗu tana zama bayan la'asar, ina jin maganganuna a bakinta, kuma don ƙarin haushi sun fi daɗi a can.

Da ta kai ƙarshe Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi littafin ya jinjina shi a tafin hannu, ya shafa ɗinkin bayansa.

"Da motarmu tana nan," ya ce, "a kantar ƙasa zan sa wannan, inda hannun yara ke kaiwa."

Hawaye suka zubo min. Na buɗe baki in ce akwai sauran shafi ɗaya, sai ya juya wajen da yake jin motsinta.

"Ɗakin karatun garinku yana nan?"

"Yana nan, Baba. Sai dai an daɗe ba a kai sabon abu ba."

"To kai musu wannan."

"Baba, naka ne," na ce. "Akwai wasu a gida, katan guda. In kawo mata ashirin ma."

"Madalla, kawo su duka. Amma wannan ya fara yin gaba. Ni da ba na gani, ajiyar me zan yi?"

Sista ta dube ni, ita ma duk ta rasa yadda za ta yi. Da na ce ta ba ni minti biyu, da ta ba ni. Amma in karanta wannan shafin a gabanta? Girman kai ya riƙe min harshe, na ce ta tafi da shi, ba komai. Ta sa a jaka.

Ban sake samun bakin maganar ba, Baba kuma bai kai ƙarshen daminar shekarar ba. Katan ɗin na aika, amma ƙafata ba ta taɓa taka garin ba. Na san akwai wata yarinya can mai kati, ta buɗe shafin farko ta karanta abin da na rubuta wa ubana, wanda shi bai taɓa ji ba. Ita ma ban san ta ba, kuma ita ma ina kishi da ita.