Masarar Uwata a Bayan Gidan Malamin Gona

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan tara, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanin mijina, wanda kowa ke kira Malamin Gona. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Malam, ba zan yi ƙarya don ka mutu ba. Ba ma shiri. Shekara talatin da wani abu muna gaisawa sama-sama, kai ma ka san dalili.

Jar masarar nan da na gada wajen uwata ce ta haɗa mu. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ganye ya bushe, ɓawo ya yi fari, na ce ta ƙosa, na karye abata. Ranar da ka tara mata a rumfar ofishinku kana koya musu ajiye iri, na kawo tawa ina taƙama. Ka ɓare ƙwaya ɗaya, ka juya gindinta, ka ɗaga sama kowa ya gani. Ka ce, "Matar Yaya, wannan ba ƙosawa ta yi ba, ƙishirwa ce ta kashe ta. Kai wa kaji." Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda ni na koya musu riƙe fartanya. Da ka ja ni gefe, me zai rage ka?

A ranar ka ce kada mu yarda da ganye, kada mu yarda da tsayin kara. A duba gindin ƙwaya, inda take manne da totuwa. In baƙin ɗigo ya fito, ta gama shan abin da uwar za ta ba ta, ta rufe baki, ta zama iri. In bai fito ba, ko ta kai haƙorin doki girma, jaririya ce. Na shuka tawa don in ƙaryata ka. Cikin rami goma, uku suka tsiro. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ka wulaƙanta ni kuma kai ne da gaskiya.

Alherinka ma da ƙaya yake zuwa. Da yayanka ya rasu ina kwance ba lafiya, kai ka nome mini gona tas, kai kaɗai, kwana huɗu. Sannan ka bi gida-gida kana faɗin kunyoyina sun karkace kamar tafiyar maciji. Da na so cire babban ɗana daga makaranta saboda ya yi tsawo, ka tsaya a ƙofar ɗakina ka ce tsawo ba hankali ba ne, a bar shi ya ƙosa. Na zage ka ranar. Yau shi ke riƙe da ni. Rubuta wannan ma, 'yar nan, kada a ce na ɓoye.

Bara ƙwari suka shiga tulun da nake ajiye iri, suka mai da shi gari. Masarar uwata ta ƙare, na yi kuka kamar ranar na binne ta. Ashe tun shekarun baya ka ɗauki goyo biyu a gonata, ba sallama ba tambaya, kana ta juya irin a bayan gidanka. Na sauke girman kai na zo roƙo. Ka ce, "Ba zan ba ki ba, ke mai gaggawa ce. Ni zan shuka, ni zan karya, in ta ƙosa ki zo ki ɗauka." Na fito ina tsine wa halinka. Kunya shida ka shuka. Babu sauran irin nan ko'ina sai su. Sai ka tafi ka bar ta a tsaye, ba ta ƙosa ba. Ko a mutuwa sai da ka bar ni da aiki.

To jiya na ji babban ɗanka, mai aikin ofis ɗin nan, yana cewa a sare ta a samu wurin ajiye motocin manyan baƙi masu zuwa gaisuwa. Na ce ba ta ƙosa ba. Ya ce, "Haba Inna, ai ta bushe, dubi ganyen." Ganyen! Ɗan Malamin Gona ne ke ce mini in dubi ganye. Na shiga da sandata, na ɓare ƙwaya na juya masa gindinta a gaban abokansa. Fari fat. Na ce ubanka ya yi mini haka a gaban mata arba'in, ban mutu ba, kai ma ba za ka mutu ba.

Ya Allah ka ji ƙan bawanka. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka saka masa da noman da ya yi wa marayu, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Abin da ke tsakaninmu na rumfar nan, na yafe, ko da yake da ƙyar. In mu ma tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina yi wa matarsa ta'aziyya, baiwar Allah da ta yi haƙuri da shi fiye da kowa. Ina yi wa 'ya'yansa da jikokinsa, Allah ya ba ku dangana. Amma ku ji da kyau. Da sauran kwana goma ko sha biyu kafin baƙin ya fito. Baƙinku su ajiye motoci a bakin titi su tako da ƙafa, ba guragu ba ne. Na sa an kai kujerata bakin kunya ta farko, can zan karɓi gaisuwa. Wanda ya zo da adda, ya fara da ni.