Dawar Baffa da Ajina na Asabar

Da hannuna na rubuta darasin a allo, kuma in an miƙo mini alli gobe zan sake rubuta shi. Ilimin halittu nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, kullum in hau mota daga Kabo, in dawo bayan la'asar. Asabar da Lahadi kuwa ina da ajin matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Shekara shida ina riƙe da shi. Akwai wadda ta zo mini ba ta rarrabe baƙaƙe, yau ita ke biya wa jikokinta karatu. Ajin nan na fi so a duk abin da nake yi, ban taɓa ɓoyewa ba.

A zangon kaka muka iso babin da ke bayanin yadda halittu ke sauyawa a hankali, zuriya bayan zuriya. A littafin akwai hoton nan na biri yana miƙewa har ya zama mutum. Wata ɗaliba ta kai shi gida, uban ya gani. Kafin mako ya zagayo magana ta riga ni isa Kabo, wai Malama ta ce ba Allah ya yi mu ba.

Shugaban Islamiyyar Baffana ne, ƙanin mahaifina. Ya aiko in zo. Na same shi da hantsi a gindin rumbu yana ɗaure zangarniyoyin dawar da ya ware don iri. Na durƙusa na gaishe shi, ya gida, ya gajiyar girbi. Ya amsa duka, amma bai ɗago ba.

"'Yar nan, zaɓi za ki yi," ya ce. "Ko ki tsallake babin, ko ki ajiye mana aji. Bakin da ya ce kakanmu biri ne ba zai biya wa matanmu Alƙur'ani ba."

Raina ya ɓaci.

"Baffa, ban faɗa ba. Na gaya musu Allah ne ya halicci ubanmu na farko, a kan haka zan mutu. Amma in ce musu halitta ba ta sauyawa? Ba zan yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Sai idona ya faɗa kan damin da ke hannunsa. Kowa a Kabo ya san dawar Baffa. Ta kakanmu mai jinkiri ce, in damina ta ɗauke da wuri sai a tashi da kara. Shi ne Baffa ya riƙa shiga gona kafin yanka, yana ɗaura kaba a wuyan duk zangarniyar da ta riga sauran nuna. Waɗannan ba a taɓa su, ko da rumbu ya yi ƙasa. Tun ina goye yake wannan aiki. Yau tasa ke riga ta maƙwabta nuna, har daga Dugabau ake zuwa roƙon kwano guda, shi kuwa yana shafa gemu.

"Baffa, wannan dawar kai ka halicce ta?"

"A'uzubillahi. Allah ya halicce ta."

"Ta sauya daga ta Kaka ko ba ta sauya ba?"

Ya ja kaba ya ƙulle da ƙarfi. "Dawa daban, mutum daban."

"Na ji. Amma babin da kake so in tsallake, dawarka ce a ciki, da tsutsar masarar da ta daina jin feshi. Wanda ya yi halitta shi ya sa mata hanyar sauyawa. Ni ban ga inda ikonsa ya ragu ba. Wallahi duk sanda na koyar da babin nan tsoronsa ke ƙaruwa a raina. Ba zan tsallake ba."

Ya miƙo tafin hannu. Na kwance makullin aji daga bakin mayafina na ɗora masa. Na yi kuka a hanyar gida, kukan haushi, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Ranar Litinin na shiga aji a Gwarzo da zangarniyar dawa a jaka. Na yi bisimilla da ƙarfi yadda ajin kusa ma za su ji, na ci gaba daga inda muka tsaya.

Asabar ce ta yi mini wuya. Na gama shara, na gama wanke-wanke, na zauna ina kallon agogo ya kai tara, lokacin da nake buɗe aji. Sai na ji sallama. Inna ce, matar Baffa, wadda ta fara karatu a hannuna bayan ta aurar da autarta. Ga Alƙur'aninta a jakar zane, ga mata bakwai a bayanta.

"Inna, Baffa ya sani?"

"Ya gan ni ina fita," ta ce, tana cire takalmi. "Makullin ɗaki kika ba shi, ai ba karatun ba. Shimfiɗa mana tabarma. Izu tara ya rage mini, kuma idon nan kullum ƙara dushewa yake."